Wani Yaro Ɗan Gidanmu

A ɗakin da muka zauna a unguwar Fereej Abdel Aziz, can ƙasar Larabawa inda muka je neman aiki, gadon Baba ne na ƙasa, nawa yana samansa. Haka na tarar aka tsara, saboda gwiwarsa ba ta son hawa, ni kuma sabon zuwa ne, ban isa in zaɓi wurin kwana ba. Ɗakin cike yake da maza, kowa da jakarsa a ƙarƙashin gado, kowa da lokacin dutinsa, har akwai wanda sai mu yi mako ban gan shi a farke ba. Ni direba ne, ina ɗaukar kayan gwari daga kasuwar Abu Hamour ina rarraba wa gidajen abinci. Kafin nan koyarwa nake yi a wata firamare a Kano, shi ya sa duk wanda aka turo wa saƙo da Turanci a gidan nan wurina yake kawowa. Baba kuwa gadi yake yi a wani dogon bene, cikin kakin da ya yi masa yawa a kafaɗa. Mutumin ƙasar Zamfara ne, ya girme mu duka, kuma ba wanda yake kiransa da wani suna sai Baba. Ni Bakano yake ce mini idan na cika shi da surutu, wato kullum ke nan.

Baba ya iya shayi. Duk shagunan karak, wato shayin madara, na unguwar nan ba wanda ya kama ƙafarsa, kuma a tukunyar lantarki ɗaya tilo da muke ɓoyewa idan mai gida ya zo duba ɗakuna yake dafa shi. Da na matsa masa da tambaya ya ce ai sana'arsa ce ta da, ya yi shekaru yana sayar da shayi a wani sansanin masu haƙar zinariya, a wata ƙasa da ke yamma da tamu. Daga nan bai ƙara ba. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci yakan kira matarsa, wadda mu ma muke ce wa Inna ko da yake ba mu taɓa ganinta ba. Kamar yawancin dattawa, sai ya buɗe muryar wayar gaba ɗaya yake jin daɗin magana, don haka duk mun san awakinsu, mun san lokacin da ruwa ya sauka a garinsu, mun san sunayen 'ya'yansu da wanda ya fi ƙiriniya a cikinsu. Na ɗauka na san iyalin Baba kaf.

Wata rana da yamma na dawo a gajiye, ina warin albasa, ya miƙo mini wayarsa ya ce in saurara masa wani saƙon murya. Mace ce, lauya, daga wata ƙungiya mai bin haƙƙin mutanen da aka zalunta. Sai da na sake kunna saƙon kafin na yarda da kunnena. Majalisar dokokin wata ƙasa a Turai ta kafa kwamitin bincike a kan tambaya guda: idan kamfanin ƙasarsu ya tafi wata nahiya aka yi ta'asa da sunansa, za a iya kama daraktocin da ke zaune a gida da laifin, ko kuwa laifin ya tsaya can inda abin ya faru? Cikin abubuwan da kwamitin zai duba har da abin da ya auku a sansanin da Baba ya zauna. Gwamnatin ƙasar da sansanin yake ta ba wani kamfanin Turawan filin, aka ce masu haƙar hannu su tashi, wata safiya masu gadin kamfanin da jami'an tsaro suka zo da katafila suka cike ramukan. Mutanen sansanin sun ce akwai mutane a ciki. Kamfanin ya ce ramukan babu kowa, kuma har yau ba a kawo masa mutum ɗaya da zai tsaya ya ce ga wanda ya ga ya shiga bai fito ba, ga sunansa, ga abin da yake gare shi.

Baba ne mutumin. Sai dai lauyar ta ce akwai matsala. Can baya, da 'yan ƙungiyarsu suka ɗauki muryarsa karo na farko, cewa ya yi wanda ya rasa wani yaro ne ɗan gidansu. Sauran shaidu kuwa sun ce ɗansa ne na cikinsa. Lauyoyin kamfanin sun riƙe wannan da hannu biyu, suna cewa wane irin uba ne zai ce wa ɗansa wani yaro, ai wannan shaidar haɗa ta aka yi. Ta ce ta sami sunan yaron na yanka daga wajen ƙanin Baba, amma hakan bai isa ba, kwamitin yana bukatar ya ji daga bakin wanda ya gani da idonsa.

Na sauke wayar na dube shi. Na ce, "Baba, ɗanka ne?"

Ya dubi siminti. "Na kakanninshi ne. Su aka ba tun shina ƙarami."

"Ba a tambaye ka wa aka ba ba. Wa ya haife shi?"

Sai ya tashi ya ɗauki buta ya fita, alhali lokacin salla bai yi ba.

A nan na gane. Ɗan fari ne. Na san wannan kunyar, don a gidanmu ma kakata har ta koma ga Allah ba ta taɓa kiran sunan mahaifina ba, in ta so shi sai ta ce kai wancan, in ya yi ciwo ita ce ta ƙarshen tambaya. Amma ni na ɗauka abin ya tafi da mutanen da. 'Yata ta fari sunanta kullum yana bakina, hotonta ne a fuskar wayata, mahaifiyata ta gaji da ce mini marar ta-ido ta ƙyale ni. Ban taɓa zaton ina kwana a saman mutumin da ya rasa ɗa ta wannan hanya, ya riƙe abin a cikinsa shekara da shekaru, yana dafa mana shayi yana yi mini dariya in na yi santi ba. Tausayinsa ya kama ni, haushinsa ma ya kama ni, kuma a halina haushin ne yake fara fitowa.

Lauyar ta roƙe ni in taya shi shiri. To a ɗakinmu ba a sirri, don haka ranar hutunsa sai ya bi ni aiki. Muna zaune a gaban mota a Abu Hamour, ana loda kwandunan tumatir a baya, masu lodin suna ta yalla yalla, wato a yi sauri, ni na zama shugaban kwamiti ina yi masa tambayoyi. Komai yana tafiya daidai. Ya faɗi yadda sansanin yake, inda teburin shayinsa yake, yadda ake saukar da mutum cikin rami da igiya, da irin hular da masu gadin suka sa. Amma da zarar na ce, "Wane ne ka ga ya shiga ramin?" sai ya ce, "Yaron ga." In ce wane yaro, ya ce, "Wanda muke magana." Muka yi ta zagaye a wuri guda har zufa ta jiƙa mini riga duk da sanyin motar.

Na bugi sitiyari na ce, "Haba Baba! Kalma nawa ce? Ɗana ne, sunansa kaza. Khalas, shi ke nan!"

Ya juyo a hankali ya ce, "Bakano, kai ka taɓa tsayawa tsirara cikin kasuwa?"

Na ce, "Su ma mutanen nan abin da suke so ke nan, a ce ba shi da uba ba shi da suna. Kai kuma kana taya su."

Har muka gama rabon kayan ranar bai sake ce mini uffan ba, aka kuma kwana biyu yana gaishe ni a taƙaice kamar baƙo. Shayina dai ina samunsa a gefen tsanin gado kamar kullum.

Ta bidiyo za a ji shaidarsa, aka sa rana, lokacin ya faɗo bayan la'asar a agogonmu. Ba yadda za a yi ya zauna gaban 'yan majalisa da gadaje masu hawa biyu da shanyar singileti a bayansa, ga masu dutin dare suna minshari. Wata ma'aikaciyar jinya 'yar Filato, da muke ce wa Sista, ita ta ba mu falonta a unguwar Bin Mahmud. Mun san ta ne ta dalilin hawan jinin Baba, ita take yi masa faɗa a kan gishiri, shi kuma yana ce mata ɗiyata. Mijinta ya bar mana kwamfutarsa kafin ya tafi aiki. Baba ya roƙi wani abokin gadinsa suka yi musayar duti, ya ciro farar rigarsa ta Salla daga ƙasan jaka, na goge masa ita. Sista ta ɗora kwamfutar a kan tebur, ta ja labule don haske kada ya yi yawa, ta ajiye masa ruwa. Ni da ita muka zauna a gefe inda ba za a gan mu ba.

Kafin a zo kansa an fara da ɗaya daga cikin daraktocin kamfanin, ni kuma ina fassara wa Baba ƙasa-ƙasa. Na zo da shirin tsanar mutumin, sai na ga wani tsoho mai furfura, mai ladabi. Ya ce yana baƙin ciki da duk wata wahala da wani ya sha. Ya ce su a hukumar daraktoci jefi-jefi suke zama, kuma ba su ne suke tafiyar da mahaƙar ba, wani ƙaramin kamfani ne nasu da aka yi wa rajista a wata ƙasar dabam. Shi kuma wannan ƙaramin ya ɗauki wani kamfanin gadi haya, kamfanin gadin kuma da jami'an gwamnatin can yake aiki. Rahoton da ya iso teburinsa cewa ya yi an kwashe kowa kafin a cike ramuka. Wannan tsarin ba baƙo ba ne a wurina. Sunan da ke jikin motar da nake tuƙawa dabam, kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini a takardun zama, dabam, wanda yake ba ni umarni da safe dabam, ranar da abu ya ɓaci kowa nuna na gaba yake yi. Abin da na lura da shi kawai, zinariyar ta bi duk waɗannan ƙofofin ta isa ofishin tsohon nan ba ta ɓata ba, labarin mutanen ne ya ɓace a hanya. Kuma abin da ya fi damuna, na kusa yarda cewa da gaske bai sani ba, don ya gina gidansa yadda ba zai taɓa sani ba.

Baba ya saurara har ƙarshe, sai ya ce, "Tsoho ne ashe."

Da aka zo kansa, kwamitin yana da nasa tafintan, wani Bahaushe mai nutsuwa, don haka aikina ya zama zama da kallo. Shugabar kwamitin mace ce, ta gaishe shi, ya amsa har da tambayar iyalinta. Ya ba da labarin safiyar nan tiryan-tiryan, muryarsa ba ta rawa, fuskarsa ba ta canza ba, kamar mai yi wa baƙo kwatancen hanya. Ni da na san shi na ga yadda ya damƙe gwiwarsa a ƙarƙashin tebur, su kuwa fuskar kawai suke gani. Daraktan bai tafi ba, yana zaune a layin baya, ana hango shi a gefen hoton.

Sai wani ɗan kwamitin ya karɓi magana. Bai yi rashin kunya ba, gaskiya. Ya ce yana so ya fahimta ne. A muryar da aka ɗauka da farko mai shaidar ya ce wani yaro ɗan gidansu, yau ma tun da ya fara yaron kawai yake cewa. Mene ne tsakaninsa da wannan yaron, kuma mene ne sunansa?

Tafintan ya juya tambayar zuwa Hausa, na ji muryarsa ta yi nauyi, don shi ma ya gane. Har ya fara yi wa shugabar bayani da Turanci cewa akwai wata al'ada a wurinmu game da ɗan fari. Ta gode masa, ta ce za a rubuta hakan, amma amsar daga bakin shaida ya kamata ta fito.

Baba ya yi shiru. Shirun ya yi tsawo har wani a can ya tambaya ko layin ne ya yanke. Sista ta matso kusa da kunnena ta ce, "Kai ka san sunan?" Na girgiza kai. Duk shekarun da muka yi ɗaki ɗaya, duk bakin nan nawa, ban sani ba. Da na sani, wallahi da na faɗa daga inda nake zaune, kowa ya yi abin da zai yi.

Can sai Baba ya saki gwiwarsa, ya ɗora hannuwansa biyu a kan tebur.

Ya ce, "Da katahilar ta taho, kowa ya sheƙa bakin ramu shina kiran nashi. Mata na kiran mazansu, wa na kiran ƙane, kowa da sunan da yake kira. Ni ma na tahi bakin ramin da ya shiga, don da sahe a gabana ya kama igiya. Na duƙa na ce, kai yaro, hito. Kai yaro, hito." Ya tsaya tafintan ya fassara. "To ramin ga duk samari ne ciki, kowa yaro ne. Ina za shi san da shi nike? Har aka jaye ni daga wurin ban kira shi ba."

Tafintan ya fassara wannan ma, ya tsaya a tsakiya ya gyara murya sannan ya ƙarasa. Sista ta rufe bakinta da gefen gyalenta.

Baba ya ce, "Ɗana ne. Shi ne na hwari."

Sannan ya faɗi sunan. Bai faɗe shi yadda ake ba da amsa ba, kiransa ya yi, ya ja ƙarshensa yadda ake kiran mutumin da ke can ƙarshen gona. Tafintan bai sami abin fassarawa ba. Ba zan rubuta sunan a nan ba, ba nawa ba ne. Suna ne dai irin wanda ake samu a kowane gida a ƙasarmu, ni kaina na koyar da yara da yawa masu shi, amma ban taɓa jin sa kamar yadda na ji shi a falon nan ba.

Shugabar ta bari aka ɗan numfasa, sannan ta roƙi a jera mata haruffan don a rubuta daidai. Baba bai yi boko ba, sai ya waiwayo ya dube ni, karo na farko da ya dube ni sosai tun ranar Abu Hamour. Na matso na jera mata su ɗaya bayan ɗaya, ta maimaita, na ce haka ne. A layin baya daraktan ya sunkuyar da kai. Ko kunya ce, ko gajiya, ko yana duba wani abu ne a cinyarsa, ban sani ba, kuma ba zan ƙaga masa abin da ban gani ba. Abin da kwamitin ya yi daga baya ma ban iya cewa na fahimce shi duka ba. Lauyar ta ce sun ba da shawarar a gyara doka, kuma irin wannan abu yana ɗaukar lokaci. Abin da ta tabbatar mini shi ne, lauyoyin kamfanin ba su sake cewa babu kowa a ramin ba.

Da aka rufe kwamfutar, Sista ta kawo gwaten acca da ta dafa tun rana, Baba ya ce Allah ya yi mata albarka amma bai taɓa ba. Ya zauna yana kallon hannuwansa. Can ya laluba aljihu ya ciro wayarsa ya kira gida, ya buɗe muryar kamar yadda ya saba.

Inna ta ɗauka a tsorace, don ba Juma'a ba ce. "Lahiya dai?"

"Lahiya lau. An yi zaman."

"To, madalla. Ka hwaɗa masu abin da ya hwaru?"

"Na hwaɗa masu." Ya ɗan tsaya. "Har sunan."

Wayar ta yi tsit, sai kukan kaji da muke jiyowa daga tsakar gidansu. Ita ma ɗanta ne na fari, kuma kunyar uwa ta fi ta uba nauyi.

Ta ce, "Da bakinka?"

"Da bakina."

Sai ta ce, a hankali, "To sake hwaɗi in ji."

Sista ta ja hannun rigata, muka fita baranda, ta janyo ƙofar. Ƙofar gilas ce, ba ta tare sauti sosai. Muka ji Baba ya kira sunan, sannan muka ji wata siririyar murya daga cikin wayar tana maimaitawa.